Daɓen da Pelagie Za Ta Taka

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe 4:10 na yamma

Likita ta ce za a sallami matata Pelagie daga asibiti ranar Juma'a 25 ga wata, bisa sharaɗi ɗaya: ba hawa matakala. Gidanmu kuwa, kamar na kowa a layinmu na Mimboman, maƙale yake a jikin tudu, kuma daga titi zuwa falo matakala ce zalla. Wuri ɗaya ne ƙofarsa ke buɗewa kai tsaye a kan titi, wato ɗakin ƙasa, inda na jibge jaridun da na yi wa aikin edita har na yi ritaya.

Na sauka na duba shi. Ga abin da na gani, ba ƙari: daɓen siminti ne, ya yi baƙi don danshi. Bangon baya, wanda ya jingina da tudu, yana gumi. Akwai wari. Akwai kwaɗo guda, wanda ya dube ni kamar ni ne baƙon.

Yayanta Zambo ya riga ya faɗa a gaban likita cewa gidansa na garin Mbalmayo a shimfiɗe yake, babu matakala ko ta kaza. Da muka fito baranda ya ce, "Ɗan jarida, mu dai da ƙafa biyu muka ba ka ita." Bai ƙarasa ba. Na ji daɗi da bai ƙarasa ba.

Idan ɗakin bai zaunu ba kafin 25, Mbalmayo za ta tafi. Wannan shi ne labarin, sauran duk sharhi ne.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe

Na karanta duk abin da hannuna ya kai a kan daɓen ɗaki mai danshi. Ƙa'idata tun ina ƙaramin ɗan rahoto ba ta canza ba: ba na yarda da magana sai majiya biyu sun faɗe ta.

Majiyoyi sun haɗu a kan kafet: yana shan ruwa ya riƙe, ya haifi funfuna. Katako yana kumbura ya bankare. Ledar ɗaki ba ta jin ruwa, amma tana ɓoye shi a ƙarƙashinta, kamar mai magana da yawun ma'aikata. Fenti yana ɓarewa. Tayil ne kaɗai ba wanda ya zage shi, sai dai an ce mai sheƙi yana da santsi.

Ba na son santsi.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana

Tchinda mai tayil ya zo. Shi ya yi wa rabin layin nan aiki, ɗaya rabin kuma ba sa gaisawa da shi. Ya shiga ɗakin ya tsaya, hannu a ƙugu.

"Maigida, nan ɗaki za a yi ko kifi za a kiwata?"

Na ce ɗakin kwana.

"Na wa?"

Na ce na wadda za ta kwana a ciki.

Ya dube ni, ya dubi matakala, bai sake tambaya ba. Labari a Mimboman ba ya jiran jarida.

Ya yanko leda, ya manna ta a daɓen da salatef ta kowace kusurwa. Ya ce a bar ta ta kwana. In an ɗaga aka ga gumi a ƙarƙashinta, ruwan daga ƙasa yake tasowa. Na gaya masa na karanta wannan gwajin a wuri biyu. Ya ce shi a wurin kawunsa ya karanta, kuma kawun yana haɗawa da mari.

Tayil, in ji shi, bai damu da danshi ba. Amma ba ya ɗaura tayil a inda ruwa ke tafiya, don sunansa ne ke lalacewa. Na so in tambaye shi wane sunan, na fasa. Ina bukatarsa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe 8 na safe

Ledar ta yi gumi sharkaf. Ana ruwa tun asuba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe 5:45 na yamma

Na kai wa Pelagie samfura asibiti a cikin jakar cefane. Na same ta tana gyara wa nas yadda ake naɗe zanin gado. Shugabar makaranta ko ta yi ritaya ba ta sauka. Ciwon da ya shanye mata ƙafar hagu bai taɓa harshenta ba, likita ma ta rubuta hakan a takarda, ina jin da ɗan mamaki.

"Edita, me ka kwaso mini? Na ce bobolon rogo zan ci, ka kawo mini duwatsu."

Na jera mata a kan bargo. Ta ɗauki ledar ɗaki da hannun dama ta shinshina.

"Wannan ta shagon aski ce."

Na miƙa mata farin tayil.

"Ɗakin ajiye gawa."

Na miƙa ruwan ƙasa.

"Irin wannan matar Zambo ta sa. Ka je ka ga yadda gidan ya koma."

Na yi mata bayanin yadda danshi ke hawowa cikin siminti ta ƙananan kafofi. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba yi ba, sannan ta ce, "Ashe har yanzu ruwan yana shiga?" Na ce yana shiga. Ta ce, "Allah sarki," ta juya fuska wajen taga. Na rantse kamar murmushi na gani. Majiya ɗaya ce, kuma idona ya fara rauni.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe 3 na yamma

Yaya Zambo ya zo duba aiki, ya taho da wani malamin cocinsu. A ganin Zambo ruwan ba na banza ba ne: tun ranar da ƙanwarsa ta kwanta ya ƙaru, to me hakan ke nufi? Na ce yana nufin Oktoba.

Malamin ya yi addu'a mai tsawo, ya fito da gora ya yayyafa ruwan albarka a kusurwa huɗu. Na yi shiru. Tchinda bai yi ba.

"Malam, ruwa muke kora, kai kuma ka zo da naka."

Zambo ya zagaya tulin jariduna, waɗanda na ƙasa sun jiƙe sun zama kamar fura. Ya taɓa da ƙafa.

"Ɗan jarida, yau dai na ga amfaninsu. Da ba su nan, da ruwan ya kai gwiwa."

A kan maganar cewa ruwan ya ƙaru tun ranar da ta kwanta: na duba, gaskiya ne. Na ƙi jinin Zambo ya yi gaskiya.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe 12:20 na rana

Na je coci. Bayan addu'a matan ƙungiyar da Pelagie ke shugabanta sun yi rawar bikutsi a harabar kamar kullum, diddige na dukan ƙasa. Sun bar gurbinta a gaba, ba wadda ta shiga. A daidai nan ne ta faɗi, ranar nan. Na taho gida kafin su gama.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Na kwashe jaridun. Waɗanda suka tsira na hau da su sama, sauran mai gasa kifi ta bakin titi ta karɓa, ta ce in sun bushe za ta riƙa naɗe kifi. Sharhina kan gyaran tsarin mulki zai kai ga jama'a a ƙarshe.

Kwaɗon ya koma bayan ƙofa. Ya samo abokin zama.

Na dafa shinkafa. Gidan sama ya yi girma.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Zagaye na biyu a asibiti. Na kai tayil mai kaushi iri uku, wanda ƙafa ba ta zamewa a kai, da wani mai sheƙi da mai shago ya cusa mini.

Ta ɗaga mai sheƙin. "Edita, ƙarasa ni kake son yi?"

Na ce kuskuren mai shago ne.

Masu kaushin kuma: ɗaya na banɗakin tashar mota ne, ɗaya zai cinye mata tsintsiya, na ukun ba ta da abin cewa a kansa, don haka ta ce in dawo da shi wani satin ta sake gani. Na tuna mata wani satin shi ne na ƙarshe. Ta ce ita ma tana da kalanda.

Da zan fita nas ta tare ni. Ta ce Madam tana ba su wahala. Da zarar na tafi sai ta sa a tura ta a keke zuwa gindin matakalar ɗakin gwaji, ta zauna tana kallonta kamar ɗalibar da ta ƙi yin aikin gida. Na ce ban san da wannan ba. Ta ce, "Baba, ai cewa ta yi kar a gaya maka."

Ƙafar hagu: babu sabon bayani.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe

Ruwa. Leda ta biyu ta yi gumi.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe 1 na rana

Tchinda ya haƙa rami a gefen bango yana neman idon ruwa, bai samu ba. Ya zargi bututun maƙwabcinmu, maƙwabcin ya fito da gajeren wando ya zargi kakan Tchinda. An raba su.

Bayan nan Tchinda ya durƙusa a gindin bangon baya, ya shafa, ya kai hanci.

"Maigida, na yi aiki a ɗakunan ƙasa da yawa. Danshi warin tsohon takalmi yake yi. Naka warin abinci yake."

Na ce danshi iri-iri ne, na karanta.

"To naka da gasasshen kifi ake cin sa."

Ya ce ranar Litinin zai tafi wani aiki in ba a tsayar da ruwan ba, kuma ba a zaɓi tayil ba. Ya ce bai taɓa ganin wadda ke kwance a asibiti tana korar tayil daga nesa ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

Zambo ya kira. Ya sayi katifa, ya sa an yi wa ɗakin fenti, ya yi magana da mai mota. "Ba ƙwace maka ita za mu yi ba, ɗan jarida. Ka riƙa zuwa ranar Lahadi." Na ce na gode, Yaya.

Na tambayi Pelagie a waya ko tana son Mbalmayo. Ta ce iskar can tana da kyau. Tun da na aure ta take zagin iskar Mbalmayo.

Ban ci abinci ba. Ba don wannan ba ne, shinkafar ce ta ƙone.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe 10:40 na safe

An gano inda ruwan yake fitowa.

Ina shan shayi na ji motsi a bayan kicin. Ba na zuwa wajen, yankin Pelagie ne, kuma tun shekarar da na zubar mata da wani abu da na ɗauka ya lalace aka hana ni biza. Na leƙa, sai ga Mama Eyenga, mataimakiyarta a ƙungiyar mata, ta tattare zani tana riƙe da kwando. Da ta gan ni ta tsaya cak.

"Mijinmu, ashe kana gida."

"Ina gida, Mama. Me ake nema?"

"Wucewa nake."

Bayan kicin ɗinmu ba ya wucewa ko'ina, katanga ce.

Ga abin da na gani: manyan durom uku na roba, cike da rogon da aka jiƙa don yin bobolon bikin ƙungiya. Pelagie ta karkato da indararon rufin gida zuwa cikinsu, don ta ce ruwan sama ya fi na famfo laushin rogo. Duk yamma takan zura tiyo ta zuƙe rarar zuwa kwata. Tun ranar da ta kwanta ba wanda ya zura. Ruwan rufin gida gaba ɗaya yana cika durom, ya tumbatsa, ya gangara ya nutse a daidai kan bangon baya na ɗakin ƙasa. Rogon kuwa ya wuce bobolo, ya shiga wani matsayi da ba shi da suna.

Na tambayi Mama Eyenga ko Pelagie ta tuna da durom ɗin.

"Ni ban ce komai ba."

"Ta tuna?"

"Tun satin farko na ce mata bari in zo in kwashe. Ta ce wadda ta taɓa durom ɗin nan ta fita daga ƙungiya. Yau ma satar hanya na yi, don warin ya kai gidana."

Na kira Tchinda. Ya zo ya tsaya a kan durom ɗin, ya cire hula kamar a jana'iza.

"Na gaya maka da kifi ake cin sa."

Mun mayar da indararo, mun kwashe rogon. Maƙwabcin da aka zarga ya tsaya a kan katangarsa yana kallo, yana jiran a ba shi haƙuri. Na ba shi. Tchinda ya ce shi sai an janye maganar kakansa.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe 6:15 na yamma

Na je asibiti ba jaka. Ta lura.

"Yau ba duwatsu?"

Na ce an ga durom.

Ta gyara bargo. "Eyenga ba ta iya riƙe komai. Ko waƙa aka ba ta sai ta saki."

Na ce ba tuhuma na zo yi ba, tambaya ɗaya ce, kuma ba don bugawa ba. Me ya sa ta bar ni ina fama da ledoji da kwaɗi, alhali ta sani?

"Ai kana da abin yi. Da me za ka zauna kana yi, kallona?"

Na ce wannan ba amsa ba ce. Na yi hira da ministoci, na san kaucewa.

Ta daɗe tana kallon ƙafarta a ƙarƙashin bargo. "Mbalmayo ziyara ce, Severin. Kowa ya san ana dawowa daga ziyara. In kuka gyara ɗakin nan kuka sa mini gado, shi ke nan, an gama da ni. Mutane su riƙa leƙowa daga titi suna cewa sannu Madam. Kai kana sama, ni ina ƙasa da kwaɗi."

Rabon da ta kira ni da sunana na manta.

Ina da amsoshi da yawa. Duk na gyara su a zuci har lokacin ziyara ya ƙare, ban fitar da ko ɗaya ba. Na ce mata kwaɗin biyu ne kawai.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Da safe na biya wajen Mama Eyenga da wata tambaya: ina ƙungiya ke gwajin rawa idan ana ruwa? Ta ce ba ko'ina, sai su fake a barandar coci suna gulma. Na ce ina da ɗaki a bakin titi, yana bushewa. Ta dube ni sama da ƙasa. "Mijinmu, ashe kana da kai."

Mun tafi asibiti mu uku, da ita da Tchinda, wanda ya sa riga mai maɓalli don girmama wurin. Ban ɗora samfuran a kan gado ba, na jera su a ƙasa.

Na ce, "Ba ɗakin kwana muke zaɓa wa daɓe ba. Ƙungiya ce ke bukatar wurin gwaji, kuma an ce shugaba ce ke zaɓa. Za a ajiye gado a gefe na ɗan lokaci, don shugaba ta riƙa sa ido. Gado na biyu kuma na mai gadi ne."

"Wane ne mai gadin?"

"Wani tsohon edita. Ba ya komai."

Ta dube ni, ta dubi Eyenga, wadda ke nazarin silin. Ta san abin da muke yi, mun san ta sani. Sai ta ce wa nas, "'Yata, zaunar da ni."

Aka zaunar da ita a bakin gado. Ta sauke ƙafar dama, ta daki tayil na farko da diddige. Ta saurara.

"Wannan ba ya amsawa."

Na biyu. "Wannan ƙarar faranti yake."

Na ukun shi ne wanda ta rasa abin cewa a kansa ranar Talata, ja mai kaushi, na ƙasar da aka gasa. Ta dake shi sau ɗaya, ta sake, sannan ta shiga buga masa kiɗan da suke buɗe rawa da shi. Eyenga ta kama tafi a hankali. Matar gadon kusa ta ɗaga kai.

"Wannan," in ji Pelagie. Ta juya ga Tchinda. "Kai ne mai tayil? Ka cika siminti a ƙarƙashin kowane ɗaya. In na ji rami a ƙarƙashin diddigena, za ka ɓalle shi da haƙori."

"Madam, sunana ne a kai."

"Shi ya sa na faɗa."

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Bangon baya ya daina gumi. Tchinda ya shafe shi da daɓe mai maganin hana ruwa, ya fara ɗauri daga kusurwar ciki. Na bi shi ina ƙwanƙwasa kowane tayil da cokali. Ya ce in na sake zai ɗaura ni a ciki.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe 3:30 na yamma

An gama ɗauri. An hana takawa sai Juma'a. Matan ƙungiya sun zo gani, Tchinda ya tsaya a ƙofa da tsintsiya kamar ɗan sanda.

Na kira Yaya Zambo na gaya masa shawarar ƙanwarsa. Ya tambaya ko malamin da ya kawo ya taimaka. Na ce tun zuwansa al'amura suka fara motsi. Ya ce ya sani. Katifar da ya saya zai kawo mana ita, kuma zai zauna a ɗakinmu na sama na ɗan lokaci, don ya ga yadda ake kula da ita.

Ban tambayi tsawon ɗan lokacin ba. Ni na fara amfani da kalmar.

An sallami kwaɗin zuwa kwata. Ɗaya ya dawo.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe 6:05 na yamma

Na sauko da gadaje biyu, suna jingine a baranda. Mai mota zai zo gobe ƙarfe goma, kuma Mimboman aka gaya masa, ba Mbalmayo ba. Pelagie ta aiko da umarni: a mayar da durom wurinsu, amma a koya wa mai gadi zura tiyo. Ta kuma ce a ajiye gadonta ta inda za ta riƙa ganin matakala.

Da zan baro asibiti nas ta biyo ni har bakin ƙofa. Ta ce da safe, tana canza zanin gado, Madam tana buga kiɗan nan da diddigen dama a jikin ƙarfen gado, sai ta ga babban yatsan ƙafar hagu ya motsa. Sau biyu, in ji ta.

Na koma ciki na tambayi Pelagie. Ta ce ba ta magana da 'yan jarida.

Majiya ɗaya ce. Likita za ta duba gobe da safe, kafin sallama.